Keken da Na Haɗa wa Auta

Asabar, da yamma

Yau ma Auta bai yi magana ba.

Na ce bari in fara rubutawa, don in ban sami inda zan zubar ba, a kan masu kawo ɗinki zan sauke. Ɗazu saura kaɗan in cinye wata mata ɗanya saboda ta ce hannun rigarta ya matse. Ya matse ɗin kuwa, ni na yanka shi ba daidai ba.

Ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, sunan ya bi shi har ya yi gemu. DJ ne, shi ke saka kiɗa a wuraren casu, abokinsa Aku yana riƙe da makirfo yana zuba. Tare aka tafi da su ranar da wasu mutane suka faɗo mana gida. Auta ya dawo shi kaɗai, da ƙafarsa, cikin rigar da ba tasa ba. Tun daga ranar ko wash bai ce ba. Likita ya leƙa maƙogwaro, ya leƙa kunne, ya ce lafiyarsu lau. Inna ta ce to me ya hana shi? Likita ya sunkuyar da kai ya hau rubutu.

Yana ci in an ajiye masa. Yana wanka in na tura shi. Sauran lokacin yana kan benci a shagona, wato ɗakin gaba na gidanmu, yana kallon bango.

Lahadi, da safe

Maman Aku ta zo. Ta kawo zani wai in kama mata baki. Bakin lafiyarsa ƙalau, ni na kama shi shekaranjiya.

Ta zauna a ɗaya gefen bencin ta ce, "Auta, ya ƙarfin jiki?" Ta jira. Sai ta amsa wa kanta, "To, Allah ya ƙara sauƙi."

Ba ta taɓa tambayarsa labarin ɗanta ba, alhali shi ke kawo ta. Ni ma ban taɓa ce mata ta daina zuwa ba. Na farke bakin zanin na sake ɗinkewa a gabanta, a hankali, don ta sami dalilin zama.

Litinin, da hantsi

Bai yi magana ba.

Talata, bayan la'asar

Na lura da wani abu. Hannunsa na dama ba ya zama wuri ɗaya. Yatsu biyu a kan gwiwa, gaba, baya, gaba gaba, baya. Da farko na ɗauka karkarwa ce irin ta masu ciwo. Sai na ɗage ƙafa daga keke na zuba masa ido. Da na tsaya, ya tsaya. Da na taka, ya ci gaba. Ashe tafiyar keken ɗinkina yake bi.

Na san wannan hannun. Haka yake yi wa faifai, ya dafe shi ya ja baya ya saki, har muryar mawaƙi ta riƙa in'ina. Karce suke ce masa. Na daɗe ina yi masa tsiya a kai, ina cewa mutum ya sami waƙa lafiyayya ya zauna yana ɓata ta, kuma wai a tafa masa. Yau da zan ji wannan hayaniyar a gidan nan, da har rawa sai na taka.

Kayansa babu. Abin da ba su kwashe ba sun tattake. Ni na share ɗakin washegari, ban bar Inna ta shiga ba. Abin da ya tsira kwali ɗaya ne na tsoffin kaset a ƙarƙashin gado, da wata rikoda mai karyayyen murfi.

Laraba, da rana

Na ɗauki rikodar na kai wa Mai Rediyo a ƙarshen layi. Rabin shagunan layin a rufe suke. Waɗanda ke buɗe, in na wuce sai su tuna suna da aiki a ciki.

Na ce, "Baba, kaset yana kartuwa kamar faifai?"

Ya dube ni ta saman gilashi. "Tela, ɗinkin ne ya ƙare?"

Na ce ni dai ya gaya mini. Ya kwance bayan rikodar, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai santsi, bai fi haƙori girma ba.

"Wannan shi ne hed. Shi ba ruwansa da wanda ya ja zare. Duk abin da aka goga masa, zai karanta. Ki ja da sauri, murya ta koma ta yaro. Ki ja a hankali, ta koma ta ƙaton banza. Ki ja baya, ta yi baya."

"To me zai riƙa ja?"

"Wannan kuma ke ta shafa. Ni waya na sani."

Ya ciro hed ɗin, ya ƙara masa doguwar waya da dalma, yadda zan iya kai shi ko'ina rikodar tana gefe tana ba da sauti. Bai tambaye ni lafiyar kowa ba. Sai da na kai ƙofa ya ce, "Ki gaishe da mutumin." Na ce zai ji.

Alhamis, da yamma

Na zaro zaren wani kaset na wa'azin da ba mai saurara, na manna shi da gam a kan sandar awona, na riƙa goga hed a kai. Kukan da ya fito, ko kyanwar da aka taka wa wutsiya ta fi shi daɗi. Gam ɗin ya cinye zaren, ya ɓata mini sanda, ya kama mini yatsu.

Auta ko waiwayowa bai yi ba. Na ji haushinsa, wallahi na ji. Na kusa ce masa ai don kai nake wannan haukan. Na shiga banɗaki na kulle na yi abin da zan yi, na wanke fuska na fito.

Juma'a

Bai yi ba.

Asabar, da safe

Inna ta tare ni a kicin. Ta fara zancen asibitin masu taɓin hankalin nan na bayan gari, mai doguwar katanga.

"An ce suna da magani. An ce wani ɗan maƙwabtan ƙawata wata uku ya yi ya dawo garau."

"Inna, rufe su ake yi."

"To mu zuba masa ido ya bushe a kan benci?"

Na ce ba wanda zai sake juya makulli Auta yana ciki, in dai ina numfashi. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ake yi wa uwa magana. Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe. Can ta ce, "Ni ma na haife shi ai."

Ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Lahadi, bayan azahar

Sanda ba ta yi ba, don hannunsa abu mai juyawa ya sani. Ina kwance wannan ya faɗo mini, na tashi na jawo tsohon keken hannu na Inna daga bayan ƙofa, wanda ta koya mini ɗinki da shi. Na cire allura, na cire ƙafar, na zuba masa mai. Wilin da ake murzawa da hannu yana juyawa sumul, gaba da baya, kuma yana da nauyi a hannu.

Ga yadda na yi, in wata rana na manta. Na yanki zaren kaset mai tsawo na haɗa bakinsa biyu ya zama zobe. Karon farko da allura na haɗa, don hankalin tela bai wuce nan ba, ya yage nan take. Sai na yi da salatif. Zoben ya zagaya ta kan wili, ya tafi can ƙarshen katako ya zagayo ta kan kwarkwaron zare da na kafa da ƙusa. Na ɗaure kwarkwaron da lastik ɗin ƙugu don zaren ya tsaya a miƙe. A tsakiya na kafe hed, na yanko soson kafaɗar kwat na danna zaren a kansa.

Na juya wili. Wani mawaƙi ya ce "zo", na ja baya ya haɗiye, na saki ya sake cewa "zo". Na yi dariya ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Rabon da in yi dariya har na manta.

Auta yana kan benci. Yatsun sun tsaya cak.

Litinin, da hantsi

Na ajiye masa keken a kan teburi kusa da bencin, na yi kamar ban san da shi ba. Bai taɓa ba.

Talata

Bai taɓa ba. Bai yi magana ba. Maman Aku ta kawo ɗankwali.

Laraba, da yamma

Na fita sayen zip. Ina dawowa, tun daga bakin layi na ji.

Ba irin nawa ba ne. Nawa kuka ne, wannan kuwa magana ce, mawaƙin yana tuntuɓe yana tashi daidai kan kiɗa. Na tsaya a ƙofar shago da leda a hannu. Yana tsaye, ya ɗan karkata kafaɗa yadda yake yi, hannun dama a wili, na hagu yana danna soso yana ɗagawa. Ni ban ma san ana iya ɗaga soson a yanke sauti ba.

Inna tana bakin ƙofar cikin gida, ta toshe baki da gefen mayafi.

Bai dube mu ba. Fuskar nan kamar ta mai barci. Amma ya yi har aka ɗauke wuta, ni kuma na zuba wa rikodar batir ya ci gaba.

Asabar, da rana

Kwana da kwanaki ke nan ba mu da kunne. Zobe yana cinyewa, ƙurarsa ja tana taruwa a kan katako, in yanko masa wani. Mun gama da mawaƙan, mun shiga kaset ɗin koyon tuƙi. Wata mai ɗinki ta ce shagona ya koma gidan mahaukata, na miƙa mata yadinta na ce ta gaida gida.

Baki dai shiru. Inna ta ce hannu ya warke, saura mai hannun. Wata kuma yana ta tafiya.

Lahadi, da safe

Maman Aku ta zauna ta saurara har ya gama zobe guda. Ta ce, "Da yana nan da yanzu ya cika mana kunne a kan wannan." Ba ta faɗi suna ba. Hannun Auta ya kuskure, zaren ya tsinke.

Talata, bayan la'asar

Yau ya ba ni abu.

Ina yanka, sai ga hannunsa a kan yadina. Kaset ne, ba daga kwalin ba, ban san inda ya ɓoye shi ba. Ya ajiye, ya nuna keken, ya koma benci. Tun da ya dawo, wannan ne karon farko da ya nemi wani abu a wurin wani.

Rikodarmu ba ta juya kaset yanzu, sai na shiga maƙwabta na aro tasu na kai ɗakina. Muryar Aku ce. Tun suna farawa suka ɗauka, muryarsa ba ta gama buɗewa ba. Yana gwada makirfo, yana yi wa Auta tsiya wai kansa kamar tukunya, yana dariyar nan tasa mai shiga hanci. Sai ya ɗaga murya yadda yake buɗe kowane casu: "Auta, kana ina? Amsa mini in ji ka!" Daga nan kiɗa ne har ƙarshe.

Wayoyinsu duk an tafi da su. In akwai wani wuri da muryar yaron nan ta rage a duniya, ban san shi ba.

Na ji tsoron sa masa almakashi. Zan zaro farkon in shimfiɗa, in auna, in sa alli daidai inda maganar ta fara da inda ta ƙare, kafin in yanka. Wannan karon ba garaje.

Laraba, da safe

Na yi komai a tsanake jiya da yamma. Na shimfiɗa zaren a kan teburin yanka. Fanka tana ta ɗaga shi, ga shi ya ɗan yamutse a farko, sai na ɗauko maganaɗisun da nake tsince fil da shi, wani baƙin zobe mai nauyi, shi nake danne yadi da shi kullum. Na bi zaren da shi daga wannan baki zuwa wancan, na lallashe shi ya kwanta luf, na bar shi a kai. Na yanka, na haɗa, na ɗora a keke. Kyakkyawan aiki, ko gaɓar ba a gani.

Yanzu na gwada kafin ya tashi. Iska kawai ke fita.

Laraba, da rana

Mai Rediyo ya sa zoben a nasa hed ɗin, ya ja, ya sake ja. Ya ce me na sa masa? Na lissafa: alli, almakashi, salatif. Da na zo kan abin tsince fil sai ya cire gilashinsa ya ajiye.

"Tela, ai da irin wannan ake goge kaset. Maganar da ke kan zaren nan, maganaɗisu ne ya rubuta ta. Wanda ya fi shi ƙarfi in ya bi ta kai, shi ke nan."

"Ba a dawo da ita?"

"Ba a dawowa da ita."

Ya ce laifinsa ne da bai gaya mini ba. Na ce ya bari. Ya ci gaba da ja a hankali, ya sami ɗan abin da ya tsira a bakin zaren, inda hannuna bai kai ba. "Auta, ka." Iyakarsa ke nan.

Na zauna a kan wata matacciyar talabijin a shagonsa. Yaro ya ɓoye abu ɗaya, ya tsallake da shi duk abin da ya faru, ya ɗauko ya ba yayarsa. Ni kuma na goge shi don ya yi kyau.

Laraba, da yamma

Ya tsaya a gaban keken yana jira. Na ce wilin yana son mai, sai gobe. Ya dube ni. Na kasa haɗa ido da shi.

Alhamis, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru.

Na ɗora zoben da safe, don ba ni da wata ƙaryar. Na ce, "Auta, na ɓata shi. Ban sani ba, amma ni na ɓata." Ban ga alamar ya ji ba. Maman Aku ta riga ta zo, tana bakin benci da wata riga a cinya. Na so in ce ta tafi, bakina ya ƙi.

Ya juya wili. Aku ya ce, "Auta, ka." Sai iska.

Maman Aku ta miƙe tsaye, rigar ta faɗi.

Ya bar zoben ya zagayo. "Auta, ka." Iska. Ya ja baya, ya saki. Ya ja, ya saki. Ya danna soso da ƙarfi kamar sauran maganar tana ƙasa ne ta maƙale. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa masa wuya. Ni ina tsaye da almakashi a hannu, ban san ma na ɗauka ba.

Can, Aku ya ce "Auta, ka," sai na ji an ƙarasa.

"Kana ina. Amsa mini in ji ka."

Muryar a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Na waiga ina neman wanda ya shigo. Inna ce ta fara ganewa, ta fito da gudu da kumfa a hannu tana kiran sunan Allah.

Bai saki wilin ba. Bango yake kallo.

"Haka ya yi ta kira. Yana ɗakin da ke jikin nawa. Sun ce duk wanda ya yi magana, za su dawo kansa." Ya ƙara riƙe wilin. "Ina jin sa, Yaya. Ban amsa ba."

Can ya ƙara da cewa:

"Sai ya daina."

Iska tana ta fita daga sifika. Na miƙa hannu na kashe.

Maman Aku ta sunkuya ta ɗauki rigarta, ta kakkaɓe, ta ninke ta gida huɗu. Ta matso har gabansa. Na ɗauka mari za ta kai masa, har na taka zan shiga tsakani. Sai ta ce, a hankali, "Ni fa? Ya kira ni?"

Auta ya dube ta. Tun da ya dawo bai dubi idon kowa haka ba.

"Ke ya fara kira, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta sake gyaɗawa. Ta ce mini, "'Yata, rigar nan ba abin da ya same ta, ki bar shi." Ta fita. Na bi ta har bakin layi, ba ta waiwayo ba, ni kuma ban san me zan ce in ta waiwayo ba.

Juma'a, da safe

Ba ta zo ba. An ce tun jiya mata suke shiga gidanta ta'aziyya.

Asabar, da yamma

Inna ba ta sake zancen asibiti ba.

Auta yana magana. Tun safe yake yi, daga ranar farko yake bi, ɗaki ɗaki, ba ya tsallake komai. Inna ta jure kaɗan, ta tashi ta shige kicin ta kunna famfo. Ba zan rubuta ko ɗaya a nan ba.

Na rufe shago. Na zauna kusa da shi a kan benci. Wani wurin sai in ji kamar in toshe masa baki da hannuna, sai in zauna a kan hannun. Ni na nema, kuma ba shi da wani mai ji.

Ya tsaya ya sha ruwa. Ya ce, "Yaya, kin gaji?"

Na ce ban gaji ba, ci gaba.